Yadda Ake Ƙara Wa Babur Fitilu Ba Tare Da An Kashe Batir Ko An Ƙona Waya Ba

Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan mahayi ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane abin da ke gabansa ya taka birki, ya riga ya shafe mita 25, kuma a lokacin ne ma birkin zai fara aiki. Fitilar gaba ta ƙananan babura irin su Boxer, Jincheng da Haojue galibi ƙwan wat 35 ce, kuma idan gilashinta ya dushe ko ƙura ta rufe shi, da kyar take nuna rami, akuya ko amalanke a wannan tazarar. Wannan ne ya sa matasa da yawa, musamman 'yan acaɓa da masu kai saƙo, suke sayen ƙananan fitilun LED su ƙara wa baburansu.

Dabarar tana da kyau, amma sau da yawa ana yin ta da ka. Sai a ga fitila ta yi mako biyu, batir ya mutu, ko waya ta narke a ƙarƙashin tanki, ko kuma hasken ya riƙa kashe idon masu tahowa. Ƙarin fitila yana tafiya daidai ne idan an kula da abu uku: lissafin wutar da babur ke iya bayarwa, haɗin waya mai fiyus da rile, da kuma saitin inda hasken zai sauka.

Daga ina wutar babur take fitowa?

A cikin injin babur akwai koyil da maganaɗisu ke zagayawa a kansa. Muddin inji yana aiki, koyil ɗin yana samar da wuta nau'in AC, wato mai kai da komo. Daga nan wutar takan bi ta rektifaya, wata 'yar na'ura mai haƙarƙarin ƙarfe, wadda ke mayar da ita DC, ta kuma daidaita ƙarfinta don ta yi wa batir caji. Batir ma'ajiya ce kawai, kamar tankin ruwa a saman gida. Idan abin da ake zuƙa ya fi abin da ke shiga, tankin zai ƙafe komai girmansa.

Mota tana da janareton caji da ke iya ba da sama da wat 1,000. Ƙaramin babur kuwa galibi ba ya kai wat 200, kuma daga ciki ne fitilar gaba, ta baya, sigina, hon da cajin batir ke cin rabonsu. Rarar da ke saura kaɗan ce, ita ce kuma kasafin da ƙarin fitila zai ci.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai babur ya sani tun kafin ya je kasuwa. A yawancin ƙananan babura masu kafireto, fitilar gaba tana cin wutar AC ne kai tsaye daga koyil, ba daga batir ba. Ana gane wannan cikin sauƙi: a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a kunna fitilar gaba. Idan ta kama, babur ɗin DC ne. Idan ba ta kama ba sai an tayar, kuma haskenta yana raguwa a silo yana ƙaruwa idan an murɗa totur, to AC ce. Amfanin sanin wannan shi ne, yawancin fitilun LED na ƙari an yi su ne don DC. Idan aka jona su a wayar fitilar gaba ta babur mai AC, za su riƙa ƙifce-ƙifce, kuma ba za su daɗe ba su ƙone.

Lissafi kafin saye

Ƙa'idar ɗaya ce: a raba wat da ƙarfin batir, wato 12V, sai a samu amfiya, yawan wutar da fitila ke ja. Fitilu biyu masu wat 10 kowace sun zama wat 20. Idan aka raba 20 da 12, za a samu kusan amfiya 1.7.

Batir na ƙananan babura yawanci tsakanin 3Ah ne zuwa 7Ah. A ɗauki mai 5Ah. A takarda, zai riƙe waɗannan fitilu kusan awa 3 idan inji a kashe yake. A zahiri kuwa, da zarar ya sauka zuwa rabi, sitata tana iya kasa juyawa. Idan kuma aka ɗauko fitilun mota masu ƙwan halojin, wat 55 kowace, jimilla wat 110 ke nan, sama da amfiya 9. Wannan batir ba zai wuce rabin awa ba, kuma koyil ba zai iya mayar masa da abin da ya fita ba ko da inji yana gudu.

Saboda haka, ga babur mai inji 100cc zuwa 150cc, abin da ya fi dacewa shi ne fitilu biyu da jimillarsu ba ta wuce wat 20 ba. Wanda ya riga ya sa wa babur ɗinsa cajar waya ta USB ya tuna cewa ita ma tana cikin kasafin. Wayar da ke caji a wat 10 tana jan kusan amfiya ɗaya daga batir.

Karanta kwali da idon basira

Tallan fitilu a Facebook da TikTok cike yake da manyan lambobi, kuma ba duka ne gaskiya ba. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a duba:

*Wat da lumen.* Wat yana nuna wutar da fitila ke ci, lumen kuma yana nuna hasken da take bayarwa. LED mai kyau tana ba da kusan lumen 100 a kowane wat ɗaya. Ke nan fitila mai wat 10 tana iya ba da lumen 800 zuwa 1,000, daidai da abin da ƙwan halojin mai wat 35 ke bayarwa a dogon haske, ko ma fiye. Idan aka ga kwali ya ce wat 20 amma lumen 20,000, ƙarya ce tsagwaronta, domin hakan na nufin lumen 1,000 a kowane wat, alhali iyakar da kimiyya ta tabbatar ita ce lumen 683, kuma babu farar fitilar da ta kusanci wannan.

*Siffar haske.* Akwai fitila mai tattara haske wuri guda ta harba shi nesa, akwai kuma mai baza shi gefe da gefe a kusa. Mai bin babbar hanya tsakanin gari da gari ya fi buƙatar ta farko. Mai yawo a lunguna da hanyar ƙauye mai ramuka ya fi buƙatar ta biyu. Mafi kyau a cikin gari ita ce mai gilashin ƙwallo da ke yanke haske a sama, ta yadda idan aka haska bango za a ga layi a miƙe, ƙasansa haske, samansa duhu.

*Launi.* Ana auna shi da harafin K. Fitila mai 6000K fara ce fat mai ɗan shuɗi, mai 3000K kuma ruwan ɗorawa ce. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yakan mayar wa mahayi da farin haske cikin ido kamar an kafa masa farin labule. Ruwan ɗorawa ba ya huda hazo kamar yadda wasu ke faɗa, amma ya fi sauƙi ga ido, kuma idan an ɗaura fitilar ƙasa-ƙasa, hasken da ke dawowa yakan ragu sosai.

*Lambar IP.* Idan an rubuta IP67, lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, 7 kuma tana nufin fitilar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. A ƙasar da ake fama da ƙura rabin shekara, a yi damina a sauran, wannan lamba ta fi adon fitila muhimmanci. A kuma zaɓi mai jikin alminiyam, domin zafi ne babban abin da ke kashe LED, roba kuwa ba ta fitar da shi.

Kayan aiki

- Fitilu biyu da maɗaurinsu na ƙarfe
- Rile mai ƙafa huɗu na 12V
- Gidan fiyus da fiyus mai amfiya 5
- Makunni na kan babur wanda ruwa ba ya shiga
- Wayar tagulla mai kaurin 1mm² ko 1.5mm², ja da baƙa, kamar mita 3 kowace
- Maltimita, filaya, sifana da sukudireba
- Dalma ko kawunan waya na matsewa, baƙin salatif, da maɗaurin roba

Me ya sa sai da fiyus da rile?

Batir ɗin babur ƙarami ne, amma idan jar waya ta goge ta taɓa ƙarfen babur, zai iya tura amfiya masu ɗimbin yawa cikin ƙiftawar ido. Wayar za ta yi ja, robarta ta kama wuta, kuma duk wannan yana faruwa ne a ƙarƙashin tankin fetur. Aikin fiyus shi ne ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Shi ya sa ake sa shi dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce santimita 15 ba, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da kariya. Fiyus masu ƙafa biyu irin na mota suna da launi: mai amfiya 5 ruwan ƙasa ne mai haske, mai 10 ja, mai 15 shuɗi. Ga fitilun da ke jan amfiya 1.7, mai 5 ya wadatar. Ɗaure gurbin fiyus da zaren waya, kamar yadda wasu ke yi a bakin hanya, daidai yake da cire shi gaba ɗaya.

Rile kuma makunni ne da wuta ke kunnawa. A cikinsa akwai ƙaramin koyil da ke jan wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ba. Idan ya samu wuta, sai ya ja wani ƙarfe ya haɗa babbar hanya daga batir zuwa fitilu. Amfaninsa biyu ne. Na farko, nauyin fitilu ba ya bi ta siraran wayoyin babur ko ta gidan makulli. Na biyu, da zarar an zare makulli, fitilun sun mutu, ko da an manta makunni a kunne ko yara sun yi wasa da shi.

A ƙasan rile akwai lambobi huɗu, kuma ma'anarsu ɗaya ce ko wane kamfani ne ya ƙera shi:

- 30: wuta daga batir, bayan ta bi ta fiyus
- 87: wuta zuwa fitilu
- 86: wuta daga makunni
- 85: zuwa negatif, wato jikin babur

Haɗawa mataki-mataki

1. A kashe inji, a zare makulli, a fara cire kan batir na negatif. Idan aka fara da fozitif, sifana tana iya taɓa ƙarfen babur ta yi tartsatsi.

2. A ɗaura fitilun. Wuri mafi kyau shi ne ƙarfen kare ƙafa, ko gefen shokozoba na gaba ƙasa da fitilar gaba. A karya kan babur dama da hagu har ƙarshe, a kuma danna gaban da ƙarfi, don a tabbatar fitila ba ta taɓa tanki ko madigadi. Idan fitilun biyu suna ƙasa kuma da tazara a tsakaninsu, su da fitilar gaba sukan yi siffar murhu mai duwatsu uku, wadda ke taimaka wa direban mota ya gane babur ne, ya kuma kimanta nisansa.

3. A ɗaure rile a ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe, ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki.

4. A ja jar waya daga fozitif na batir zuwa gidan fiyus, daga nan zuwa ƙafa 30. Kada a sa fiyus ɗin tukuna.

5. Daga ƙafa 87, a ja jar waya zuwa gaba, a raba ta biyu zuwa jajayen wayoyin fitilun.

6. A haɗa baƙaƙen wayoyin fitilun, a mayar da su negatif na batir ko wani noti a kan firam ɗin babur, bayan an kankare fenti da tsatsa. Kada a dogara da ƙarfen shokozoba ko kan babur a matsayin negatif, domin wutar sai ta bi ta boris ɗin wuya mai giris, kuma haɗin ba ya tabbata.

7. A nemo wayar da ke kawo DC sai an murɗa makulli. Galibi ana samunta a makunnin fitilar birki. A mayar da kan batir na ɗan lokaci, a gwada da maltimita: ta nuna kusan 12V idan makulli yana kunne ko da inji a kashe, ta koma sifili idan an kashe. A sake cire kan batir, a ja waya daga nan zuwa sabon makunni, daga makunni zuwa ƙafa 86. Ƙafa 85 kuma ta tafi negatif.

8. A like kowane haɗi da dalma ko kan waya na matsewa, a naɗe da salatif. Murɗa waya da hannu kawai ba ya jure jijjigar babur. A bi da sababbin wayoyi ta hanyar da tsofaffin suka bi, nesa da kan inji da salansa, a bar musu ɗan sako-sako a wuyan babur don kada su tsinke wajen karya kwana.

9. A mayar da kan batir, a sa fiyus, a murɗa makulli, a danna makunni. Za a ji rile ya yi 'yar ƙara, fitilu su kama.

Wani tarko da ke kama masu koyo shi ne launin waya. A tsarin Honda, wanda baburan China da yawa suka kwaikwaya, koriyar waya ce negatif, baƙa kuma ita ce mai kawo wuta bayan makulli. A tsarin Yamaha kuwa baƙa ce negatif, mai ruwan ƙasa ce ke kawo wuta. Wanda ya ɗauka duk baƙar waya negatif ce zai iya haɗa wuta da ƙasa da hannunsa. Mita ce ke raba gardama.

Gwajin da ke nuna ko babur zai iya ɗauka

A saita maltimita a kan 20V na DC, a ɗora a kan batir. Lafiyayyen batir yana nuna 12.4V zuwa 12.7V idan inji a kashe yake. A tayar da inji, a murɗa totur zuwa matsakaicin gudu: ya kamata lambar ta haura zuwa 13.5V ko 14.5V. Yanzu a kunna fitilar gaba da sababbin fitilun tare. Idan lambar ta tsaya a 13V ko sama, kasafin ya yi daidai. Idan ta faɗo ƙasa da 12.6V tana ci gaba da sauka, fitilun suna cin batir ne a hankali, kuma wata rana da safe sai da kik.

Idan hakan ta faru, akwai mafita uku. Za a iya komawa ga fitilu masu ƙaramin wat. Za a iya sauya ƙwan birki, wanda galibi wat 21 ne, da na LED mai cin wat 2 ko 3. Ko kuma a kai babur wurin ƙwararren mai rewaya ya mayar da tsarinsa DC gaba ɗaya, aikin da ke buƙatar taɓa koyil da sauya rektifaya. A lura cewa a babur mai AC, sauya ƙwan gaba zuwa LED ba lallai ne ya ƙara wa batir caji ba, tunda hanyar fitila daban take da hanyar caji.

Da wannan mita kuma ana iya kama ƙaryar kwali. A mayar da ita kan 10A, a sauya jar igiyarta zuwa ramin da aka rubuta 10A, a cire fiyus, a sa bakunan mitar biyu a gurbinsa. Abin da ta nuna, a ninka shi sau 12, shi ne wat na gaskiya. Idan an gama a mayar da igiyar raminta na farko kafin a sake auna batir, in ba haka ba mitar ce za ta ƙone.

Saitin haske

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya shafi ran wasu. Direban da haske ya kashe wa ido yakan yi daƙiƙoƙi bai ga komai ba, kuma a wannan lokacin motarsa tana tunkarar mai babur ɗin ne.

Da daddare, a tsayar da babur a fili mai shimfiɗe, mita 5 daga bango, mahayi yana zaune a kai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama da alli a bango daidai wannan tsayin. A kunna fitilu, a sunkuyar da su har sai saman hasken mai ƙarfi ya sauka santimita 5 zuwa 10 ƙasa da alamar, sannan a ɗaure noti. Mai ɗaukar fasinja ko buhu ya yi gwajin da nauyin a baya, domin idan baya ya zauna, gaba yakan ɗaga, haske ya koma sama. Daga nan wani ya hau babur ɗin, mai shi ya koma mita 20 a gaba ya ɗan durƙusa daidai tsayin direban ƙaramar mota. Idan hasken ya sa shi runtse ido, saitin bai yi ba.

Fitila mai harba haske nesa hukuncinta ɗaya da dogon haske: ana kashe ta da zarar an hango mai tahowa, ko an bi bayan wata mota. Ƙa'idar hanya ita ce fari ko ruwan ɗorawa a gaba, ja a baya. Jan haske a gaban babur yana sa a ɗauka tafiya yake alhali tahowa yake, shuɗi da ja masu walƙiya kuma na jami'an tsaro ne da motocin agaji. Wanda ya sa su yana gayyato wa kansa tsayawa a hannun jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda.

Idan an samu matsala

- Fiyus yana yawan tsinkewa: jar waya ta goge a wani wuri. A nemo wurin, kada a ƙara girman fiyus.
- Rile yana ƙugi kamar ƙudan zuma: an ɗauko wutar ƙafa 86 daga wayar AC.
- Fitila tana ƙifce-ƙifce a kan gargada: haɗin negatif ya saki ko ya yi tsatsa.
- Fitila ba ta mutuwa bayan an zare makulli: an ɗauko wutar makunni kai tsaye daga batir.
- Gumi a cikin gilashi: ruwa ya shiga, a duba robar baki da inda waya ta shiga.

Bayan mako ɗaya da ɗaurawa, a sake bin notuna da sifana, domin jijjiga takan sassauta su, saitin ya karkace. A riƙa goge gilashin fitilu da ɗanyen tsumma, musamman a hunturu. Wanda kuma bai saba riƙe mita ba, ya kai wa mai rewaya aikin, amma ya tsaya a kansa ya ga an sa fiyus kusa da batir, an sa rile, an kuma auna caji fitilu suna kunne kafin ya biya kuɗin aiki.